Jinin da Bai Yi Duhu Ba

Ku gafarce ni tun daga farko. Ban taɓa rubuta labari ba, kuma na san ba ni ce ya kamata in yi karambanin nan ba. Sunana Khaulat, 'yar Malam Abdulrashid ta nan Azare. Ko gaisuwa ce, in mutane suka kai uku sai muryata ta maƙale. Na kasa faɗin wannan abin da baki, shi ya sa na ɗauki biro. In kun ga gyara, ku yi mini a hankali.

Babana yana da gona a hanyar Gamawa, tafiyar rabin awa a babur. Sama dawa ce, gefe guda wake, can ƙasa kuma gonar ta gangara wani kwari inda danshi ke daɗewa. Shekara goma sha tara ke nan, duk kaka in an gama girbi, Bappa Yakubu na rugar da ke bayan gonar yake shigo da shanunsa su ci kara su bar mana taki. Babu takarda, babu shaida. Baba yakan aika ne kawai a ce masa, "An gama, ku shigo." Bana ma cewa ya yi kada a ɗaure karan a kai gida. A bar shi kwance a kan kunyoyi yadda aka sare shi, don ya ga shanun sun rame.

Kwana goma sha biyu kafin ranar da nake ba ku labari, aka yi wani ruwa bayan kowa ya yi sallama da damina. Washegari rana ta buɗe kamar ba a yi ba, muka manta da shi.

Ranar Asabar na bi Baba roron wake. Na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, Umma kuma ta ce in ban fita na sha iska ba, littattafan Yaya Jannatu za su cinye mini ido. Yaya karatun aikin jinya take yi, duk littafin da ta gama da shi ni ke gadonsa.

Da hantsi muka isa. Tun daga kan hanya muka hango mutane tsaye a tsakiyar gonar, ba mai motsi. Baba ya kashe babur bai ko kafe shi sosai ba.

Shanu biyu ne a ƙasa. Ɗaya ta riga ta mutu kafin a kai mata wuƙa. Ta biyun Bappa ya samu ya yanka, an kira wani mahauci daga ƙauyen da ke kusa, wanda kowa ke ce wa Kawu, ya durƙusa a kanta ya fara fiɗa. Sauran garken, sun kai arba'in, an tare su a bakin iyaka.

Baba ya yi sallama. Bappa ya amsa a ciki-ciki, bai ɗago ba. Babban ɗansa Gali ne ya tako. Magidanci ne, dogo, sanda a kafaɗa, a ɗaya hannun kuma wata farar kwalbar roba mai jan murfi.

"Malam, wannan ta wace ce?"

"Tawa ce," in ji Baba. "Ta feshin wake ce. Ya fi sati uku da na gama da ita."

"Sati uku." Gali ya juya kwalbar. "Ka aiko jiya ka ce mu shigo. Mun shigo da safe. Kafin rana ta ɗaga biyu sun faɗi suna haki. Ga wannan kuma a gindin kara."

"Gali, ko digo ban fesa wa dawa ba. Me zan fesa wa busasshen kara?"

"Kai za ka faɗa mana."

Manoman da ke maƙwabtaka da mu sun fara tahowa. Daga aiki suka taso, don haka kowa da abin da ke hannunsa, wani lauje, wani adda. Suka jeru a bayan Baba ba tare da ya kira su ba. Daga wajen ruga ma maza na ta fitowa da sanduna suna tsayawa bayan Gali. Wani daga cikin manoman ya ce, "To a dinga ɗaure su mana, in ba a so su ci abin da ya fi ƙarfinsu." Baba ya juya ya ce masa don Allah ya yi shiru.

Sai a lokacin Bappa ya yi magana, idonsa a kan saniyar.

"Malam, da ka gaji da mu, ai da ka faɗa. Da mun canza hanya."

Na ga fuskar Baba ta sauya. Na taɓa ganin an zage shi a kasuwa ya yi dariya, amma wannan karon bai yi dariya ba. Gali ya ce babu inda Malam zai je sai an kira hukuma, kuma in wata ta ƙara faɗuwa, shi ba zai jira hukumar ba. Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Ina tsaye a gefe da ƙwaryar roro a hannu, sai na ji Kawu mahauci yana magana shi kaɗai.

"Ikon Allah. Shekara talatin ina fiɗa ban ga irin wannan ba. Jinin jijiyar wuya ai da duhunsa yake fitowa. Wannan ku duba, ja wur kamar nunannen tumatir. Har naman. Har dasashinta."

"Kun ji ko," in ji Gali. "Guba ce."

Na leƙa ta bayan wani mutum. Gaskiyar Kawu ce. Jinin da ya taru a kwarin kunya ja ne mai haske, irin jan da ban taɓa gani a layya ba. Sai wani shafi na littafin Yaya ya buɗe a kaina, har da zanen da ke gefensa.

Jini yana yin ja ne in ya ɗauko iskar oksijin daga huhu. In ya zaga jiki, kowace ƙwayar halitta ta karɓi rabonta, sai ya juyo da duhu, kamar mai tallar da ta sayar ta dawo da faranti wayam. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan ɗakuna da ake kira mitokondiriya. Nan ne murhun jiki, nan ake ƙona abinci a samu ƙarfin da zuciya ke bugawa da shi. Aikin kuwa miƙa-miƙa ne, irin na masu miƙa kwanon ƙasa wajen gini, kuma kowane mai miƙawa wani sinadari ne da ake ce wa enzayim. Na ƙarshe a layin shi ne mai hulɗa da oksijin. In aka riƙe hannun wannan na ƙarshen, layin duka ya tsaya. Dabba za ta yi ta haki, huhu cike da iska, jini cike da iska, amma babu mai karɓa. Jinin sai ya koma yadda ya fito.

Maganin feshin wake ba nan yake kamawa ba, kuma ba ya hana jini yin duhu. Abu ɗaya na sani mai riƙe wannan hannun, sayanayid. A ƙasan shafin, da ƙananan haruffa, an rubuta inda ake samunsa a tsirrai: rogo mai ɗaci, da ɗanyen tohon dawa.

Amma ina ɗanyen toho a gonar da aka girbe? Ko'ina ka duba busasshen kara ne, fari fat.

Na dubi ƙafata. A kan karan nake tsaye. Na sa ɗan yatsan ƙafa na ɗaga shi kaɗan, sannan na durƙusa kamar mai gyara takalmi.

Suna nan. Daga kowace tushiyar dawa toho ya fito, uku-uku, huɗu-huɗu, bai fi tsawon tafin hannu ba, kore shar, ya kwanta a ƙarƙashin karan inda inuwa ta riƙe masa danshin ruwan nan na ƙarshe. Na matsa gaba na ɗaga wani. Wannan an gutsure kansa. Na kusa da shi ma haka. Shanun da suka kwana da yunwa sun tura hanci ƙarƙashin busasshe sun samu ɗanye.

Ƙaramin ganyen dawa yana ajiye gubarsa a ɗaure a wani ɗaki, enzayim ɗin da ke kwance ta kuma a wani ɗakin dabam, tsakaninsu tantani siriri. Muddin ba a taɓa ganyen ba, babu abin da ke faruwa. Haƙorin saniya ne ke fasa tantanin ya haɗa su. Daga tumbi gubar ta ratsa cikin jini, ba ta neman ƙofa.

Na tsinko guda biyar na dunƙule a hannu. Ina miƙewa na ji Gali yana ce wa mutanensu a janye garken daga inda aka ga kwalbar. A gangara da su kwari, can ƙarshen gona, nesa da wake, kafin hukuma ta zo.

Kwari. Inda ƙasa ta fi ko'ina danshi, inda aka fi jibge kara.

Aka buɗe musu hanya. Shanun suka fara gangarawa a jere, ba gaggawa, suna kaɗa wutsiya. Masu korar suka raka su rabin hanya suka juyo, don ba wanda yake so a yi wani abu ba ya nan.

Na matsa kusa da Baba. "Baba," na ce. Ni kaina ban ji ba. Na sake cewa, "Baba, ƙarƙashin..."

"Koma wajen babur, Khaulat," ya ce, bai dube ni ba. "Yanzu."

Maza sun fi talatin a wurin, rabi na kallon rabi. In na ɗaga murya duk za su juyo. Kuma 'yar wanda ake tuhuma ce za ta ce ba laifin ubanta ba ne, da hujjar littafin da ba wanda ya gani.  Na hango shanun farko sun isa kwarin sun sunkuyar da kai.

A gindin wata aduwa, nesa kaɗan da mazan, Inna Fadimatu ce zaune ta miƙe ƙafa. Ita ce mahaifiyar Bappa. Tun ina rarrafe take kawo mana nono da man shanu gida, har ƙafa ta hana ta. Ita kaɗai ce a wurin da na taɓa yi wa magana mai tsawo. Na tafi wajenta, ba gudu ba, don kada a lura, amma ban san lokacin da na isa ba.

"Haulatu mai tabarau," ta ce. Ba ta iya faɗin sunana daidai. Idonta ya yi ja. "Kin zo ganin abin da ubanki ya yi? Wadda aka yanka tawa ce. Ni na raine ta da hannuna."

Na durƙusa na buɗe tafinta na zuba mata tohon.

Ta kawo shi kusa da ido. Ta murje ɗaya da yatsu ta shinshina. Hannunta ya tsaya cak.

"Gyauro," ta ce. "A ina kika samo gyauro da rani?"

"Ƙarƙashin kara, Inna. Ko'ina. Ruwan nan na ƙarshe ne ya tayar da shi. Shi ya sa jinin ya ƙi yin duhu, jikinta ne ya kasa karɓar iska."

"Bar ni da zancen iska. Yakubu ya zaga gonar nan jiya da ƙafarsa."

"Ba a gani sai an ɗaga. Inna, a kwari zai fi yawa."

Ta juya ta dubi gangaren. Garken duka ya isa.

"Shekarar da na haifi Yakubu," ta ce a hankali, "bakwai ya kashe wa babana tsakanin azahar da la'asar. Ɗaga ni."

Na kama ta ta miƙe. Na ɗauka wajen mazan za ta nufa. Sai ta tsaya inda take, ta dafa aduwar, ta sa ɗaya hannun a gefen baki ta yi wani kira mai tsawo, siriri, irin wanda ake yi wa shanu in za a yi tatsa. Ban san akwai irin wannan muryar a ƙirjin tsohuwar ba. Can a kwari wata babbar saniya mai farin goshi ta ɗago kai. Inna ta sake kira. Saniyar ta juyo, uku suka biyo ta. Sauran ba su ɗago ba.

Mazan duk sun waiwayo. Inna ta ɗaga tohon sama ta yi wa Gali magana da Fillanci, da sauri, da zafi. Ba na jin yaren sosai, amma na tsinci sunansa da kalmar gyauro har sau uku.

Gali ya saki kwalbar ya sauke sanda daga kafaɗa ya zabura. Hanyar kwari kuwa ta gefen manoman take. Na ga wani ya ɗaga adda. Baba ya riƙe hannun mutumin da hannu biyu.

"Shanu zai koro," ya ce. "Ku sauke. Ku je ku taya shi."

Gali ya wuce su ko kallo bai yi musu ba. Sai kowa ya bi, masu sanda da masu lauje, aka gangara ana ihu ana kaɗa riguna. Shanun ba su so barin wurin ba. Sai da aka sha fama kafin aka fitar da su daga gonar gaba ɗaya zuwa kan burtali, inda babu komai sai yashi da ƙaya.

Suna isa wata jar karsana ta fara tangaɗi. Ta buɗe baki tana jan numfashi da ƙarfi, ƙafafunta na baya suna rawa, sannan ta durƙushe. Gali ya kama wutsiyarta yana son tayar da ita.

Na ce wa Inna a kunne, "Kada a tashe ta. Duk motsin da ta yi ƙarfi take nema, jikin kuma ba ya iya samarwa yanzu. In kaɗan ta ci, hanta tana da nata enzayim mai warware gubar, amma a hankali yake aiki. A yi mata inuwa kawai."

"Ke da hantarki ta boko," in ji Inna. Amma ta ɗaga murya ta faɗa, Gali ya saki wutsiyar. Mutum biyu suka riƙe mata zane a kai. Bappa ya tsuguna a gabanta da wuƙa a hannu, ko da za ta kai ga haka. Baba ya koma gefe yana kiran likitan dabbobi a Azare, layin na yankewa yana sake kira.

 Ina jin numfashin karsanar daga inda nake.

Gali ne ya fara dawowa cikin gonar, yana share gumi. Ya ɗaga kara da sanda, ya duba, ya ɗaga wani. Duk da haka ya ce, "Gyauro na nan, na gani. Amma kwalbar ma na nan. Wa ya ce ba ita ba ce?"

"Kawu," in ji Inna, "buɗe tumbin."

"Inna, ban gama da fata ba."

"Fatar taka ce ko tawa? Buɗe."

Kawu ya sa wuƙa ya tsaga. Kowa ya matso, har waɗanda ke riƙe da zane suka miƙo wuya daga kan burtali. A saman abin da ke ciki, kan tsohuwar busasshiyar ciyawar jiya, ga shi nan jibge, kore shar, ko narkewa bai fara ba. Kawu ya ɗebo da hannu ya baza a ƙasa. Ganyen dawa ne ƙanana, wasu da saiwar jikinsu.

"To," in ji Kawu, "wannan dai ba daga kwalba ya fito ba."

Gali ya daɗe yana kallo. Bai ba da haƙuri ba. Ya dai je ya karɓi gefen zanen daga hannun wani manomi ya riƙe da kansa.

Bappa ya taso daga gaban karsanar, ya miƙa wa wani wuƙar, ya zo ya tsaya a gaban Baba. Wannan karon ya dube shi.

"Jiya na zaga gonar nan tun daga sama har ƙasa," ya ce. "Kara ɗaya ban ɗaga ba. Ni da aka haifa a cikin shanu."

"Ni na ce a bar karan a kwance," in ji Baba. "Da an ɗaure shi da ka gani tun daga nesa."

"Don mu ka bari."

"Don ku na bari, ga abin da ya jawo."

"Malam, maganar da na faɗa ɗazu..."

"Ban ji ba, Bappa. Likita ya ce yana hanya. Ya ce kada a taɓa naman sai ya zo."

Kawu ya ce shi dama ya san wahalar banza ya sha yau, wasu suka yi 'yar dariya, irin ta wanda ya daɗe bai numfasa ba. Daga kan burtali wani ya ce karsanar ta ɗago kai. Wani ya ce a'a, a dai jira. Mutane suka fara komawa can.

Sai na ji mutumin nan da ya ɗaga adda yana cewa, "Amma Inna, daga gindin bishiya, da wannan idon naki, ya aka yi kika gano abin da ke ƙarƙashin kara?"

Inna ta gyara tsayuwa, ta fara laluben gefenta da hannu, inda nake tsaye.

Na riga na ja da baya. Na zaga ta bayan aduwar, na ɗauki ƙwaryata, na bi ta gefen iyaka a sunkuye har na shige cikin waken. Na tsuguna a kunya ta uku inda ganye ya fi duhu, na fara roro.